Idan Ƙusa Ta Karye, Laifin Maƙeri Ne Ko Na Mai Ɗauri?

A watan Yuni na shekarar 2025 ne hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar Amurka ta bayyana sakamakon bincikenta a kan abin da ya sami wani jirgin sama na kamfanin Alaska Airlines, ƙirar Boeing 737 MAX 9, wanda murfin wata ƙofa ya ɓalle daga jikinsa ran 5 ga watan Janairu na 2024, jim kaɗan bayan ya tashi daga birnin Portland ɗauke da mutum 177. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Binciken ya tabbatar da cewa ƙusoshi 4 masu zare waɗanda ya kamata su riƙe murfin nan ba su cikin ramukansu tun daga masana'anta, domin an kwance su ne don a yi wani ɗan gyara, ba a mayar da su ba, ba a kuma rubuta a takarda cewa an kwance ba.

Ta wata fuska aikin masu binciken nan ya zo da sauƙi, domin ƙusar da babu ita ba ta bar wurin gardama ba. Inda aiki yake da wuya shi ne inda aka tarar da ƙusa tana nan a mazauninta, da notinta, amma ta rabu biyu. A nan ne kowa ke neman tsame hannunsa. Kamfanin da ya ƙera ta zai ce ba a ɗaure ta daidai ba, wanda ya ɗaure zai ce ƙarfen ne ba shi da kyau, mai kayan kuwa ya ce ƙaddara ce. Alhali kuwa shekara da shekaru ke nan injiniyoyi suka gano cewa fuskar ƙarfen da ya karye tana ɗauke da labarin yadda aka yi ya karye, kuma wanda ya iya karanta ta zai iya faɗin ko laifin na maƙeri ne, ko na mai ɗauri, ko kuwa na wanda aka ba amanar duba kayan bai duba ba. Inda ba a yi wannan karatu ba, iyakar abin da ake yi shi ne a sa sabuwar ƙusa a zauna jiran ranar da ita ma za ta karye.

Aikin ƙusa da noti

Abin da ake nufi da ƙusa a nan ba irin wadda kafinta ke bugawa da guduma ba ce. Ana nufin sandar ƙarfe mai zare wadda ake murɗa mata noti da sifana, irin wadda ke riƙe da tayar babbar mota, da haɗin layin dogo, da ƙarafan turakun wutar lantarki. Makanikai kan haɗa su duka biyu su ce noti. Mutane da yawa sun ɗauka aikinta kamar na sakata ne, watau ta tsaya a rami ta hana abu zamewa, amma abin ya wuce nan. Sa'ad da aka murɗa noti, ƙusar miƙewa take yi kaɗan kamar roba, abin da ido ba ya iya gani, kuma ƙoƙarin da take yi na komawa tsayinta na asali shi ne ke matse ƙarafan da aka haɗa. Muddin matsin nan yana nan, to, duk wani ja da saki da inji ke yi, ƙarafan da aka matse ne ke shanye mafi yawansa, kaɗan ne ke isa ga ƙusar. Amma da zarar matsin ya ragu, ko don ba a ɗaure sosai ba tun farko, ko don fenti da tsatsar da ke tsakanin ƙarafan sun murƙushe, ko don jijjiga ta sassauta notin, sai kowane ja da saki ya sauka a kan ƙusar gaba ɗaya. Saboda haka ne ƙusar da ba ta ɗauru sosai ba ta fi saurin karyewa bisa ga wadda ta ɗauru daidai, ko da yake wuce gona da iri wajen ɗauri shi ma yana da tasa ɓarnar.

Har wa yau, nauyin ba ya rabuwa daidai a kan zaren. Zagayen farko da ya shiga cikin noti shi kaɗai yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin uku na dukan nauyin, na biyu ya ɗauki ƙasa da haka, har a zo na shida wanda kusan zaman banza yake yi. Gindin zaren kuwa kwari ne mai kaifi, kuma ƙarfi yakan taru a irin wannan wuri, kamar yadda yadi kan yage daga inda aka ɗan tsaga shi da almakashi. Shi ya sa mafi yawan ƙusoshin da suka gaji daidai bakin noti suke karyewa, waɗansu kuma a ƙarƙashin kai, ko inda zaren ya ƙare.

Fuskoki uku

Idan aka ɗauki guntun ƙusar da ta karye aka dube shi a cikin haske, galibi ɗaya daga cikin fuskoki uku za a gani. Ta farko ita ce ta ƙusar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta sau ɗaya tak. Irin wannan takan miƙe tukuna, ta yi siriri a wurin karyewar kamar alewar da aka ja, zarenta ya buɗe, fuskar ta fito toka-toka, mai kaushi. Ma'anarta ɗayan biyu ne: ko dai nauyin ya wuce abin da aka yi ta dominsa, ko kuwa ƙarfen bai kai ƙarfin da aka rubuta a kanta ba.

Ta biyu ita ce abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya san asalin abin. Wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, shi ne ya tabbatar da gwaje-gwaje a tsakanin shekarun 1850 da 1870 cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe sau ɗaya ba zai iya karya shi idan aka yi ta ɗorawa ana saukewa sau dubbai ko miliyoyi. Tsaga takan fara ƙarama a gindin zare, ta yi ta ci kaɗan-kaɗan tare da kowace jijjiga, ƙusar kuwa tana nan a tsaye kamar lafiya lau, har ran da abin da ya rage na ƙarfen ya kasa. Fuskar irin wannan karyewa kashi biyu ce a bayyane. Akwai ɓangare mai santsi, wanda sau da yawa mai ko tsatsa sun riga sun rina shi, da layuka masu baka a jere kamar waɗanda ruwa ke bari a kan yashin gulbi idan yana janyewa. Sa'an nan akwai ɓangare mai kaushi, mai haske, wanda shi ne ya tsinke a lokaci ɗaya. Idan aka bi layukan nan baya, sai su kai mutum daidai inda tsagar ta fara. Girman ɓangarorin biyu kuma shaida ne: in mai santsin ya cinye mafi yawan fuskar, to, nauyin ba mai yawa ba ne, tsagar ta daɗe tana ci, kuma an sami isasshen lokacin da za a gano ta da an duba. In tsagar ta taso daga gefe biyu masu fuskantar juna, alama ce ƙusar tana lanƙwasa gaba da baya, watau ɗaurin ya saki.

Ta uku ita ce ta ƙusar da ta ɓalle kamar tangaran, ba miƙewa, ba layuka, fuskar ta fito da ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gishiri. Irin wannan takan nuna cewa cutar tana cikin ƙarfen ne, ko daga yadda aka gasa shi, ko daga iskar haidurojin da ta shige shi. A nan lokacin karyewar ma shaida ne. Ƙusar da ta yi wata da watanni ko shekaru tana aiki cikin jijjiga kafin ta karye, gajiya ake fara zato. Wadda kuwa ta karye bayan sa'o'i ko 'yan kwanaki da ɗaurewa, ba tare da wani abu ya motsa ta ba, to, wajen maƙeri da wanda ya zaɓi ƙarfen ake fara dubawa.

Abin da ya faru a Siberiya

Babu misalin gajiyar ƙusa da ya kai abin da ya faru a tashar lantarki ta Sayano-Shushenskaya, a kan kogin Yenisei a yankin Siberiya na ƙasar Rasha. Ita ce tasha mafi girma a ƙasar, tana da injina 10 waɗanda ruwa ke juyawa, kowanne yana ba da megawat 640. Ran 17 ga watan Agusta na 2009, da ƙarfe 8:13 na safe, murfin inji na 2 ya ɓalle, ruwa ya cilla injin sama duk da nauyinsa na ɗaruruwan tan, ya rushe rufin zauren, ya cika ɗakunan ƙasa inda ma'aikata suke. Mutum 75 suka rasu. Tashar ta tsaya cik, masana'antun alminiyam da ke dogara da ita suka rasa wuta, mai ya malala cikin kogin, kuma ba a gama mayar da tashar yadda take ba sai a watan Nuwamba na 2014.

Ƙusoshi 80 ne ke riƙe da murfin nan, kowace kaurinta milimita 80. Masu bincike sun sami 49 daga cikinsu suka duba. A jikin 41 an ga fuskar gajiya, kuma in aka haɗa aka raba, tsagar ta riga ta cinye kusan kashi biyu cikin uku na kaurin ƙarfen kafin ranar haɗarin. Guda 6 kuwa zarensu na nan lafiya, abin da ya nuna cewa ko noti babu a kansu a lokacin da murfin ya tashi. Guda 2 kaɗai ne suka tsinke da lafiyarsu, saboda nauyin 'yan'uwansu ya dawo kansu.

Abin da ya gajiyar da su jijjiga ce. Irin injinan nan suna da wani mataki na aiki, tsakanin ƙaramin ƙarfi da babba, inda ruwa ke bi ta cikinsu da hargitsi, kuma kamfanin da ya ƙera su ya ce kada a riƙa daɗewa a wurin. Amma duk lokacin da aka ƙara ko aka rage wutar da inji ke bayarwa sosai, dole ya ratsa ta wannan mataki. Inji na 2 ya daɗe da yin suna wajen jijjiga. An yi masa gyara daga Janairu zuwa Maris na 2009, amma bayan gyaran jijjigar sai ƙaruwa ta yi ta yi. Shekarunsa 29 da wata 10, alhali shekara 30 maƙeransa suka yanka masa. A daren 16 ga wata gobara ta lalata hanyoyin sadarwa a wata tashar, ta Bratsk, sai aka ɗora wa Sayano-Shushenskaya aikin daidaita wutar yankin, aka tayar da inji na 2 daga hutu aka sa shi a gaba wajen ƙari da ragi. Dab da haɗarin, jijjigarsa ta ninka abin da doka ta yarda da shi fiye da sau huɗu, amma ba wanda ya tsayar da shi.

Rahoton hukumar sa ido a kan masana'antu ta Rasha ya fito ran 3 ga watan Oktoba na 2009. Abin baƙin ciki shi ne, duban da ake yi wa ƙusoshin nan na ido ne kawai, tsagar da ke gindin zare a ƙarƙashin noti kuwa ido ba ya ganin ta, sai da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe ta saurari dawowarsa. Daɗin daɗawa, irin wannan abu ya taɓa faruwa a 1983 a tashar Nurek ta Tajikistan, zamanin Tarayyar Sobiyat, inda ƙusoshi 50 cikin 72 na murfin wani inji suka tsinke, aka yi sa'a aka tsayar da ruwan ba a rasa rai ba. Tashar Nurek ta koma duba ƙusoshinta da na'ura a kai a kai, amma darasin bai bazu zuwa sauran tashoshi ba. A watan Disamba na 2014 kotu ta yanke wa tsohon darektan Sayano-Shushenskaya da babban injiniyanta ɗaurin shekara shida-shida. Fuskar ƙusoshin ce ta nuna cewa tsagar tsohuwa ce, ita ce kuma ta karkatar da tambaya zuwa ga waɗanda ke da alhakin dubawa da tsayarwa.

Gadar da ba a buɗe ba

Akasin wannan shi ne abin da ya faru a jihar Kalifoniya ta Amurka. Bayan girgizar ƙasa ta 1989 ta karya wani sashe na gadar da ta haɗa San Faransisko da Oakland, an gina sabon ɓangaren gabas a kan kuɗi fiye da dala miliyan dubu 6. A watan Maris na 2013, ana saura 'yan watanni a buɗe ta, aka ɗaure waɗansu manyan ƙusoshi 96, masu kaurin inci 3, waɗanda ke riƙe da ƙarafan da aka sa domin su hana gadar zamewa idan ƙasa ta girgiza. Cikin 'yan kwanaki 32 daga cikinsu suka ɓalle. Jama'a ba su fara bin gadar ba, saboda haka maganar gajiya ba ta ma taso ba. Da aka sa guntayen a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sai aka ga tsagar ta bi tsakanin ƙwayoyin ƙarfen, irin aikin haidurojin.

Haidurojin iska ce mai ƙananan ƙwayoyi ƙwarai, tana iya ratsa ƙarfe. Takan shiga a masana'anta yayin da ake wanke ƙarfe da ruwan asid ko ake yi masa rufi da lantarki, shi ya sa ake sake gasa ƙusoshi masu tauri na sa'o'i bayan rufin, domin ta fita. Takan kuma shiga daga baya, idan ƙarfe mai rufin tutiya ya zauna cikin ruwa. Ba ta yin ɓarna sai abubuwa uku sun haɗu: ƙarfe mai tsananin tauri, da ita kanta iskar, da ja mai ƙarfi wanda ba ya sassautawa. Ƙusoshin gadar nan an ƙera su ne a 2008 da ƙarfe mai tauri ƙwarai, an yi musu rufin tutiya, sun yi shekaru a cikin ramukan da ruwa ya taru, sa'an nan aka ja su har kashi 70 cikin 100 na iyakar ƙarfinsu. Rahoton kwamitin da ke sa ido a kan aikin, wanda ya fito a watan Yuli na 2013, ya raba laifin tsakanin ma'aikatar sufuri ta jihar da masu zanen gadar da 'yan kwangila, domin an daɗe da sanin cewa ƙarfe mai irin wannan tauri bai cika jituwa da rufin tutiya da danshi ba.

Ba a iya zare ƙusoshin ba, domin gadar na zaune a kansu. Sai da aka ƙera waɗansu ƙarafa kamar sirdi aka ɗaure wurin ta waje, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 25. An buɗe gadar ran 2 ga watan Satumba na 2013. Abin lura a nan shi ne, da an ɗauka matsalar rashin ƙarfi ce aka nemo ƙusoshi waɗanda suka fi tauri, da an ƙara wa borno dawaki, domin taurin ne ya buɗe wa cutar ƙofa.

Lamba a kai, ƙarya a ciki

Kowace ƙusa ta kirki tana da lamba a kanta, kamar 8.8 ko 10.9 ko 12.9, tare da alamar kamfanin da ya ƙera ta. Lambar 8.8 alkawari ne cewa kowace milimita murabba'i ta ƙarfen za ta jure jan da ya kai kimanin kilo 80 kafin ta tsinke, 10.9 kimanin kilo 100, 12.9 kimanin kilo 120. Ƙarfin nan daga irin ƙarfen yake zuwa da kuma yadda aka gasa shi aka tsoma a mai aka sake ɗumama shi, kamar dai yadda maƙera ke yi wa wuƙa. Buga lamba ba shi da wuya, gashin ne ke cin kuɗi, kuma nan ne 'yan jabu ke samun riba. A shekarun 1980 Amurka ta gano ƙusoshi masu lambar ƙarya har a cikin kayan sojanta, abin da ya sa majalisarta ta kafa dokar ingancin ƙusoshi a 1990.

Ran 8 ga watan Satumba na 1989 wani jirgin sama na kamfanin Partnair, ƙirar Convair 580, ya taso daga Oslo zuwa Hamburg ya faɗa teku kusa da gaɓar Denmak, mutum 55 da ke ciki duk suka rasu. Masu binciken ƙasar Norwe sun tsamo mafi yawan jirgin daga ƙarƙashin ruwa, suka tarar 3 daga cikin ƙusoshi 4 da ke riƙe da wutsiyarsa ba na asali ba ne, ba a gasa su yadda ya kamata ba, sun cinye sun bar wutsiyar tana wasa, har jijjiga ta raba ta da jirgin. Ba kuma kowace ƙusar da ba ta dace ba ce jabu. A watan Yuni na 1990 gilashin gaban wani jirgin British Airways ya fice a sama har iska ta ja rabin jikin matuƙin waje, aka riƙe shi ta ƙafa har aka sauka. An tarar 84 cikin ƙusoshi 90 na gilashin sun gaza kaurin da ya dace da abin da bai kai milimita 1 ba, domin wanda ya sa su da dare ido ya gwada da shi, bai duba littafi ba.

Inda biyun suka haɗu

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da an ga fuskar gajiya shi ke nan maƙeri ya kuɓuta. Sau da yawa aibin masana'anta ne ke shuka tsagar, gajiya ta rene ta. Yana yiwuwa ƙarfen ya naɗe a kan kansa a gindin zare lokacin da ake murza shi, ko wuta ta ƙone fatar ƙarfen ta bar ta da laushi, ko a bar kusurwa mai kaifi a ƙarƙashin kai inda ya kamata a yi baka, ko wani datti ya maƙale cikin ƙarfen tun ranar narka shi. Zaren da aka yanka da wuƙar inji ma bai kai wanda aka murza juriya ba. Saboda haka mai bincike na ƙwarai ba ya tsayawa sai ya kai inda tsagar ta fara ya ga abin da ke wurin.

Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai an kiyaye shaidar. Ba a haɗa guntayen biyu a gwada ko sun dace, domin gogayyar tana shafe alamomin. Ba a goge fuskar da burushin ƙarfe. A adana ta inda babu danshi, a rubuta ramin da kowace ta fito, a tattara notunan da 'yan'uwanta da ba su karye ba, a auna yadda ɗaurinsu yake, a nemo takardun saye. Daga nan sai ɗakin gwaji ya auna tauri, ya binciki abubuwan da ke cikin ƙarfen, ya yanka ƙusar a tsaye ya dubi zaren. In dukan ƙusoshin da aka saya tare suna da aibi iri ɗaya, magana ta koma masana'anta, kuma wajibi ne a bi sauran duk inda aka kai su. In ƙarfen ya cika alkawarin lambarsa, sai a koma ga ɗauri da jijjiga da dubawa.

Abin da ya shafi ƙasar nan

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nijeriya tana da manyan tashoshin lantarki na ruwa: Kainji mai megawat 760 wadda aka gama a 1968, da Jebba ta 1985, da Shiroro ta 1990, sai Zungeru mai megawat 700 wadda ta zo a baya-bayan nan. Gaskiya ne tsayin ruwan da ke danna injinan Kainji da Jebba bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na na tashar Siberiya ba, an kuma yi wa waɗansu injinan gyara. Amma uku na farkon duk sun haura shekara 30, kuma babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024, kowace faɗuwa kuwa tana nufin tsayar da injina ba shiri da sake tayar da su, irin ja da sakin da ke ciyar da tsaga gaba. Tun 2013 kamfanoni masu zaman kansu ne ke gudanar da tsofaffin tashoshin nan, saboda haka ya dace hukumar da ke sa ido a kan harkar lantarki ta riƙa neman ganin takardun gwajin ƙusoshin murfin injina da na'ura, da na awon jijjiga, da kuma rubutacciyar ƙa'idar da ta ba injiniyan da ke bakin aiki ikon tsayar da inji ba tare da jiran izni daga sama ba.

Kayan aikin binciken ma akwai tushensu. Akwai hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, tun 1971, da cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa da ke Jos, da sashen nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Dokar 2022 kuma ta faɗaɗa aikin hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta zama NSIB, mai ikon binciken haɗarin jirgin ƙasa da na ruwa. Abin da ake bukata shi ne a haɗa su aiki: a riƙa ɗibar ƙusoshi daga kasuwannin kayan gyara ana auna su a gwada da lambar da ke kansu, a kuma bayyana sakamakon, sa'an nan duk rahoton da ya gano laifin ƙusa a buga shi kowa ya gani, kada a maimaita kuskuren Nurek.

A tashar mota da garejin makanikai kuwa, inda aka fi karya ƙusa kullum, ƙa'idar ba ta da tsada. In ƙusar taya ɗaya ta karye, maƙwabtanta sun riga sun ɗauki nauyin da ba nasu ba, ya kamata a sauya su tare. A ɗaure da sifana mai ma'auni maimakon a hau kan dogon bututu da ƙafa, a kuma sake duba ɗaurin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 da sauya taya. Guntun da ya karye kuwa kada yaron gareji ya jefa shi cikin tarin ƙarafan 'yan gwangwan sai maigidansa ya juya fuskarsa zuwa haske ya dube ta, domin ita ce za ta gaya masa ko mai shagon da ya sayar zai koma wa, ko kuwa hannunsa zai gyara.